Gwaggo Mai Karan Tatata

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina gaya wa ƴan lakkal, wato makarantar boko, cewa tarihin ɗan Adam da rubutu ya fara. Haka littafi ya ce, haka sufeto yake so a ce, ni kuma ina da iyali. Yanzu da na ajiye alli ina iya faɗin gaskiya. Tarihi ya fara ne ranar da wata tsohuwa ta tsayar da yaro a kan ƙafafunsa biyu, ta ja da baya, ta ƙi kama shi. Duk sarkin da ya taɓa cin gari da yaƙi, duk malamin da ya taka zuwa gabas neman ilimi, duk sojan da ya yi maci gaban tuta, sai da wani ya fara yi masa tatata. A unguwarmu ta Filinge, kusan shekara sittin, wannan wanin Gwaggo ce, yayar mahaifina. Ta rasu da hantsi bayan an gama yankan hatsi. Allah shi jiƙan ta, shi sa ƙasa ta yi mata laushi, kamar yadda ta ƙare rayuwarta tana nemar wa ƴaƴan mutane ƙasa mai laushi da za su faɗa a kai.

An kafa rumfa a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, aka jera kujerun roba domin waɗanda gwiwarsu ta fi ƙarfin tabarma, wato masu muƙami. Kwana uku ina zaune ina sauraron abin da unguwa ta riƙe game da ita. Mutum ya iso, a ɗaga hannu, a shafa, ya gyara babbar riga, ya ce, "Ai mai hanƙuri ta." Na bayansa ya zo ya ce, "Mai hanƙuri ta." Ban san wadda suke nufi ba. Gwaggon da na sani ba ta taɓa haƙuri da wanda ya wuce shekara uku a duniya ba. Wani ɗan kasuwa, wanda ni shaida ne a tsakar gidanta ya yi takunsa na farko, tsirara, yana dalalar da yawu, ya karkato ya tambaye ni ko ita ce mai fura a bakin tasha da can. Na kusa da shi ya gyara masa, ya ce a'a, ungozoma ce. Ba ta taɓa sayar da fura ba, ba ta taɓa yanke cibi ba. Dukansu biyu da mota suka zo, daga gidajen da in ana daka a cikinsu muna jin tabarya.

Mutum ɗaya ne ya faɗi abin da ya cancanci a rubuta. Wani tsohon Bafillace ne, ya tako daga daji wajen Tabla, sanda a kafaɗa. Ya tsaya bakin rumfa ya yi addu'a, sannan ya ce, "Ta zage ni, ta zagi shanuna, ɗana ya tashi ya yi tahiya." Ba wanda ya matsa masa a tabarma, a ƙasa ya zauna.

A bakin zaure kuwa, inda mata masu gaisuwa ke tuɓe takalma, akwai wata yarinya tana rarrafe cikin takalman, tana jan ƙafar hagu. Tattaɓa-kunnen Gwaggo ce, jikar babban ɗanta. Ta kusa shekara biyu da rabi, ba ta taɓa ɗaga ƙafa ta ajiye da kanta ba. Masu fita suna tsallake ta su ɗauki takalmansu, wasu har su shafa kanta. Ita ce maganar ƙarshe da Gwaggo ta bari, kuma saboda ita nake wannan rubutu.

Mutane na cewa Gwaggo tana da asiri. Wannan wata hanya ce ta hutar da kai daga kallon abin da mutum yake yi. Ni na kalla, don a gidan na tashi, kuma ban ga laya ba, ban ga rubutun sha ba. Yashi na gani, da turmi, da bido, wato jarkar roba, da kara.

Yaro in ya fara kama abu yana miƙewa, sai ta tona rami a yashin tsakar gida, zurfinsa iya gwiwarsa, ta tsayar da shi ciki, ta mayar da yashin, ta ba shi ludayi biyu ya yi ta kaɗawa. In ya karkata yashi ya riƙe shi, in ya zauna bai ji ciwo ba. Daga rami sai turmi. Ta dangwala ɗan tuwo a bakin turmi can ɗaya gefen, yaro ya dafa yana zagayawa gefe-gefe, da ya kusa sai ta matsar da tuwon. Na taɓa ce mata wannan zalunci ne. Ta ce, "Ku a lakkal ba haka kuke yi musu da takarda ba?" Ban sake tayar da maganar ba. Wanda ya gama da turmi a ba shi bido, an zuba yashi rabi don kada ya tsere ya bar shi, ya yi ta turawa daga bakin ɗaki zuwa gindin rumbu.

Sai kara. Da kanta take zaɓarsa a gona bayan girbi, madaidaici, mai kauri, ta kankare shi da wuƙa don kada ya yanki hannu. Ta ba yaro kai ɗaya ta riƙe ɗayan, ta yi ta ja da baya a duƙe tana "ta-ta-ta, ta-ta-ta," tana zagin uban yaron cikin waƙar, sunansa da sana'arsa da girman hancinsa. Kwana biyu, kwana biyar, wani har mako uku. Wata rana, ba tare da ta daina waƙa ko ta canza fuska ba, sai ta buɗe yatsunta. Yaron ya ci gaba da tafiya riƙe da kara, yana tsammanin akwai mutum a ɗaya gefen. Washegari ta karya karan rabi. Jibi ta sake karyawa. A ƙarshe ka ga yaro yana tsallaka tsakar gida da guntun kara iya yatsa a damƙe, in ka karɓe ya zauna daɓas ya fasa kuka. Na san manyan mutane a garin nan da har yau haka suke tafiya, amma wannan wata magana ce.

Iyaye mata ne abokan gabarta. Dokarta ita ce uwa ta tsaya bayan danga ta leƙa, kuma ta rufe baki. "Yaro in ya hwaɗi ba ƙasa yake dubawa ba, fuskarki yake dubawa. Kin yi salati, kin dahe ƙirji, to mi kike so shi yi?" Wadda ta kasa daurewa ta rugo ta ɗauki ɗanta, sai a miƙa mata zanen goyo a nuna mata ƙofa. Wadda ta kawo yaro da takalmi, takalmin a saman rumfa yake kwana. Cewa take yatsun ƙafa idanu ne, ba a rufe su. Waɗanda suka riga suka tashi ma ba ta sallame su. Ta kai su gonar bayan gida su bi kan kunya a jere, ko ta ba kowa ƙoƙo da ruwa kaɗan ya kai wa ɗan akuya ba tare da ya zubar ba. Ɗan akuyan nan ya sha ruwa fiye da kowace dabba a ƙasar Kurfai.

Ba ta iya alheri a fili ba. Ɗanmu na fari ya makara, har maƙwabta suka fara gaishe da matata da wata irin murya mai taushi wadda ta fi zagi ciwo. Matata ta ji kunyar kai shi gidan Gwaggo, don duk wanda ya gan ta da goyo a hanyar gidan ya san dalili. Sai Gwaggo ta fara zuwa gidanmu kowace safiya neman kanwa. Daga bakin ƙofa take ɗaga murya yadda kowa zai ji, tana kirana Mushe kamar yadda ake kiran malaman lakkal: "Matar Mushe, a san mini kanwa." Ta shigo, ta zauna da yaron har rana ta ɗaga, ta fita da ɗan ƙullinta. Wata biyu tana haka. Ranar da yaron ya tsallaka tsakar gida, ta aiko da kanwar duka a ƙwarya, da saƙon cewa ba ta da kyau.

Rigimar da unguwa ta fi tunawa ita ce tata da babban ɗanta, taubashina, wanda ya yi aikin gwamnati a Yamai har ya ajiye tumbi. Lokacin ɗiyarsa ta fari tana rarrafe, ya zo hutu da wani keken roba na koyon tafiya, mai ƙafafu shida da ƙararrawa, a sa yaro a tsakiya kamar tukunya a murhu. Ya sauke shi a tsakar gida gaban mutane.

"Inna, zamani ya canza," in ji shi. "Wanga shi ake amfani da shi a ƙasashen da sunka ci gaba."

Gwaggo ta ce, "Su ma yashi gare su?"

Aka saka yarinya. Ƙafafun keken suka nutse. Ta yi ta reto a kan yatsu, tana kuka, ƙararrawa na taya ta. Gwaggo ta gama tauna goronta tana kallo, sannan ta ce, "Sai ka ɗauko mata direba." Shi kuwa ya shiga yi mata lacca, rabi Hausa rabi Faransanci, kan jahilci da ƙazantar ƙasa da ciwon da ke cikin yashi. Ta bar shi ya kai aya. "Kai da ka yi wata goma sha takwas kana share mini tsakar gida da gindi, yau kai za ka koya mini ƙahwa?" A gaban matarsa ta faɗa. Bai tsaya cin abincin rana ba, kuma Sallah biyu bai zo ba. Yarinyar da kara ta tashi. Keken kaza ta gaje shi, ta yi ƙyanƙyasa a ciki shekaru, don haka ba za a ce bai yi amfani ba.

Shekara uku kafin rasuwarta, ƙafafun Gwaggo suka ƙi. Gwiwoyi suka kumbura, ta koma tabarma. A nan ne na ga abin da har yau in na tuna yake ɗaga mini zuciya. Dokin ƙofar ɗakinta yana da tudu, taku ɗaya ne tak, amma ya fi ƙarfinta. Aikin rabin yini ne magini ya sassabe shi. Shekara uku ana cewa za a kira magini. Matar da ta tayar da rabin unguwa tsaye, sai an sami mutum biyu da ba su da abin yi kafin ta ga rana. Waɗanda ta koya wa tafiya sun yi amfani da tafiyar sosai, sun je Yamai, sun je Abijan, sun je Makka, hanyar ɗakinta ce kawai ta yi musu nisa. Ban cire kaina ba. Ina zuwa ran Juma'a, in zauna, in duba agogo.

A farkon bazarar bana ɗiyar taubashina, wadda aka taɓa sakawa a keken roba, ta zo daga Tabla inda take aure, da yarinyarta a baya. Wata ashirin da biyu, ba tafiya. Mijin yana Abijan wajen nema. Dangin miji sun fara maganar iska da baki, sun fara tambayar ko a dangin uwa an taɓa samun irin haka.

Gwaggo ta sa aka ɗauko ta daga ɗakinta aka zaunar da ita a tsakar gida. Tunda ba ta iya ja da baya, ta sa aka ɗaure mata kara biyu ya yi tsawo, tana zaune tana janyowa. Na yi shekaru ban ji ta-ta-ta a gidan ba, muryar ta dushe amma zagin yana nan. Mako biyu tana yi. Ranar da na je, na tarar ta share yashi da tafin hannu ya yi sumul, ta sa uwar ta riƙe yarinyar a hammata ta taka a kai. Ta daɗe tana duban sawun. Na dama cikakke, har diddige. Na hagu yatsu kawai. Ta ce a kwantar da ita rigingine, ta haɗa ƙafafun, ta lanƙwasa gwiwoyin. Ko ni da ban san komai ba na ga ɗaya ta fi ɗaya tudu.

Ta ce, "Wagga ba tawa ba ta. Ƙugu ne. Mushe, ɗauke ta ku tahi likita yanzu, ba gobe ba."

Muka je ni da uwar. Majo, babban malamin asibitin, ya duba, ya juya ƙafar, ya faɗi abin da Gwaggo ta faɗa da kalmomi masu tsawo. Ya rubuta takarda ta zuwa Yamai, ya ce ana gyarawa, amma kowane wata da ya wuce yana ƙara wa aikin wuya.

Yamai kuwa akwai kakan yarinyar, taubashina, da gida, da mota, da sanin mutane. Na kira shi a gaban Gwaggo na sa wayar a kunnenta. Ina jin muryarsa daga inda nake.

"Haba Inna. Hannunki bai taɓa kasawa ba. Mu da munka gani da ido? Ki dai ci gaba, Allah ya ba ki abin da likita ba su da shi."

"Yaushe ka gano haka?"

"Ai tun da can, Inna."

"Zo ka ɗauki jikarka."

Ya ce in ya sami sarari. Sarari bai samu ba sai damina ta sauka, sai ya ce hanya. Hanya ta bushe, sai ya ce aiki ya taso. Na ce to ni zan kai su a motar haya. Uwar ta ce ba ta iya zuwa Yamai ba da izinin miji ba. Aka sami miji a waya, ya ce shi yana nesa, surukinsa ne babba, abin da ya yanke shi ke nan. Suruki ya ce a bar Inna ta gama aikinta. Haka maganar ta yi ta zagaye, kowa da ladabinsa, ba wanda ya ce a'a.

Abin da Gwaggo ta yi shi ne ta karya karan ta sa a wuta. Daga ranar ba ta sake yi wa yarinyar tatata ba. Uwar ta yi kuka, ta roƙa. Gwaggo ta ce, "In na ci gaba za su ce ana magani. Ba a magani. Kowa shi sani ba a magani." Tsayuwa a jikin turmi kawai ta bar mata, don yarinyar na so, tana dafawa ta miƙe a kan ƙafar dama ta yi ta buga bakin turmi tana dariya. Unguwa ta ce tsufa ya sa tsohuwa rowa, har jininta take hana wa asirinta. Da wannan sunan ta mutu. Waɗanda suka faɗa su ne suka zo suna cewa mai hanƙuri ta.

Ranar addu'ar uku, an idar, ana raba waina, sai hayaniya ta tashi daga cikin gida. Wata maƙwabciya ta fito har bakin rumfa, mayafi a hannu, tana cewa yarinya ta miƙe. Maza suka shiga, har masu kujerun roba. Yarinyar tana tsaye a jikin turmi, a kan ƙafar dama, tana bugawa. Abin da take yi ke nan kullum tun bazara, sai dai ba wanda ya taɓa tsayawa ya duba. Mata suka yi ta kabbara. Wani ya ɗauka a waya. Taubashina ya cire tabarau ya share ido, ya juya ya fuskanci jama'a, ya ce albarkar Inna ta sauka tun ba a yi bakwai ba, ya ce shi dama ya faɗa. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa cewa ta yi taku uku. Washegari na ji an ce bakwai.

Da safen da taubashina zai koma na same shi a gindin mota ana ɗaure kaya.

Na kira shi da sunan wasan taubasai, na ce, "Ɗan mace, ga jikarka can, ga uwarta da kayanta a ƙulle."

Ya yi dariya. "Bawana, kai har yanzu? Ba ka ga abin da kowa ya gani ba?"

"Na gani. Turmi na gani."

"Matsalarku ke nan ku ƴan boko, ba ku da imani."

"Ni ne ɗan boko yau? Wa ya kawo keke mai ƙararrawa?"

"Wannan ƙuruciya ce." Ya daina dariya. "Ka ga, uwata ta rasu kwana huɗu. Kana so in ɗauki yarinya in kai asibiti, mutane su ce ban yarda da albarkar uwata ba?"

"Uwarka ce ta ce a kai ta."

"Ta tsufa lokacin, ba ta san abin da take hwaɗi ba."

Na duba cikin motar. Kujerar baya an cika ta da buhun hatsi biyu, da wake, da tabarmin da aka yi zaman makoki a kai, waɗanda ya ce za su yi amfani a gidansa. Ya bi idona, ya ce ai ka ga ma babu wuri. Ya dafa kafaɗata ya ce in ya dawo arba'in za a duba, in har lokacin ba ta ruga da gudu ba. Uwar yarinyar tana tsaye a bakin zaure, ta durƙusa ta yi wa mahaifinta Allah shi kiyaye hanya, ta koma ciki ta kwance ƙullin kayanta.

An yi arba'in Juma'ar da ta wuce. Bai sami zuwa ba, ya aiko direba da buhun shinkafa, an kuwa yaba shinkafar. Yarinyar ta cika shekara biyu da rabi. Rarrafe take yi.